Ana Sakin Mata, Ba A Sakin Ɗa

Ƙannena samari, ku da kuke sammako daga Dakata da Gama da Kawaji da Tudun Murtala ku nufi kamfanonin Bompai, da ku da sai kun canza adaidaita sahu kafin ku kai Sharaɗa ko Challawa, yau da ku nake. Ku ma ƙannena mata ku matso, rabin maganar taku ce. A cikinku akwai waɗanda ba su yi aure ba tukuna, akwai waɗanda suka yi har Allah ya kawo ƙaruwa, akwai kuma waɗanda auren ya riga ya mutu aka bar yaro ɗaya ko biyu a tsakiya. Na fi so waɗanda ba su kai ga rabuwa ba su fi kowa kasa kunne, domin ranar da rai ya ɓaci kunne ba ya jin nasiha.

Akwai maganganun da suka zama ruwan dare a bakin maza ranar da aure ya mutu. Wani ya ce, "Ki tafi da su, na bar miki duniya da lahira." Wani ya ce, "Tunda kin zaɓi riƙe su, sai ki ci da su." Wani ya ce, "In ana so in ciyar, a kawo min 'ya'yana." Akwai kuma wanda ɗansa ya tasa ya gagare shi, sai ya tara mutane ya ce ya sallama shi, ba shi ba shi, wani har ya nemi a rubuta takarda ya sa hannu. Duk masu irin wannan furuci suna tashi daga wurin suna jin sun sauke kaya, alhali kayan na nan a kansu yadda yake. A shari'ar Musulunci, wadda da ita alƙalan Kano suke hukunci tsakanin Musulmi a kan aure da 'ya'ya, babu furuci ko takardar da za ta cire mutum daga zama uban ɗan da ya haifa. Ci da sha da sutura da magani da wurin kwanan yaro haƙƙin yaron ne. Uba ba shi da ikon ya ajiye shi, uwa ma ba nata ba ne balle ta yi kyauta da shi.

Na san halin da kuke ciki, kuma ba zan yi magana kamar ban sani ba. Iyayenmu sun ga lokacin da Kano ke bin bayan Legas a yawan masana'antu, lokacin da in an tashi daga aiki a Bompai titi kan cika da kekuna, mutum ya shiga masaƙa yana saurayi ya fito da furfura da ɗan gidansa na kansa. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta fara zubewa, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayuwa, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa. Abin da ya rage muku shi ne kamfanonin roba da na jimar fata da na casar shinkafa da na lemo da alewa. Da yawanku ma ba kamfanin ne ya ɗauke ku kai tsaye ba, ɗan kwangila ne ya kawo ku, ana biyan ku a kullum ko a mako, ranar da inji ya tsaya a ce ku koma gida sai an neme ku. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a ƙasa, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000, amma lebura mai aikin yini ya san ba da shi ake ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai yana cin babban kaso na abin da aka wuni ana nema.

Shari'a ba ta rufe ido daga wannan ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da suturar mai shayarwa a kan uban jariri gwargwadon abin da aka saba, kuma a cikin wannan ayar aka hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, aka hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ƙara da cewa kowa ya ciyar daidai ƙarfinsa, mai wadata da wadatarsa, mai ƙunci da ɗan abin da Allah ya ba shi. Saboda haka babu alƙalin da ya kamata ya yanka wa lebura abin da zai yanka wa ɗan kasuwar Kwari. Talauci yana rage adadin da za ka bayar. Wanda kuwa ba shi da ko abin da zai sa a bakinsa, malamai sun karɓi uzurinsa har Allah ya buɗa masa.

To amma mu gaya wa juna gaskiya. Mutum nawa ne cikin masu cewa "ba ni da shi" suke a wannan matsayi? Wanda ke sa kati a waya kullum, ya biya kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo, ya sayi sabon yadi da salla, bai kai matsayin da za a ɗauke masa abincin ɗansa ba. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai zubin adashe don haɗa lefen wata, alhali wata shida ke nan bai aika wa 'ya'yansa ko mudun gari ba. Zai kai akwatuna, ya biya sadaki, ya yi fentin ɗaki, ya ɗauki hayar kujeru da rumfa, a gefe guda kuma an koro 'yarsa daga makaranta a kan kuɗin jarrabawa. In an yi masa magana ya ce, "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Allah ne mai ciyarwa, babu mai musun wannan. Sai dai ya sanya wa kowane arziki hanyar da zai bi, kuma hanyar abincin wannan bakin kai ne. Dangin amaryar da suka san yana da 'ya'yan da ya watsar suka kuma ba shi 'yarsu, su ma sun ga abin da zai yi wa jikokinsu tun kafin a haife su.

Bari in tsaya a kan mai cewa a kawo masa 'ya'yansa kafin ya ciyar, domin shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi ganin yana da gaskiya. Al'adarmu ta saba cewa da zarar an yaye yaro, uba ya aiko a ɗauke shi, wai ɗa na uba ne. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba haka ta ce ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kan wannan hukunci, kuma yana nan a Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu ke buɗewa: in aure ya mutu, uwa ce ta fi cancantar renon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har a kai ta ɗakin mijinta. In uwar ta yi wani auren ko ta rasu, renon ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yan'uwanta mata, sannan kaka ta wajen uba, kafin a zo kan uban kansa. A duk tsawon wannan lokaci ciyarwa tana kan uba. Renon yana wani gida, kuɗin yana fitowa daga aljihunsa, kuma ba a ɗaure ɗaya da ɗaya ba. Malikiyya ma ba ta wajabta wa uwa ta ciyar da ɗa daga dukiyarta ba ko da tana da hali. In an sake ta da ciki, ciyar da ita na kan mijin har ta haihu, in kuma tana shayarwa bayan igiyar aure ta yanke, tana da ladan shayarwa.

Imamu Malik ya kawo wani labari a Muwaɗɗa da ya kamata kowane saurayi ya sani. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta riske shi ta ce ba ta yarda ba, suka je gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya yanke a bar mata yaron, Umar kuwa bai ja da hukuncin ba. Umar ke nan, wanda sarakunan Farisa da Rum suka zo suna shakkarsa, ya sakar wa tsohuwa ɗansa saboda shari'a ta ce ita ta fi shi haƙƙin reno. Ban ga dalilin da wani a Gwagwarwa zai ɗauki bin wannan hukunci a matsayin zubar da girma ba.

Ba a kuma raba uba da ɗansa ba. Littattafan nan sun ba shi ikon bibiyar yaron, da tarbiyyarsa, da sa shi makaranta, yaron ya wuni wurinsa in ya so ya koma ya kwana wurin uwa. In aka tabbatar gidan da yaron yake ba amintacce ba ne, ko mai renon ta yi sakaci da shi, alƙali na iya ɗauke shi. Amma alƙali ne zai ɗauke, bayan hujja. Ba a aika ƙanne su ƙwato yaro daga goyo.

Sannan ka tambayi kanka, in an kawo maka su ina za ka kai su? Kai da kake fita bayan asuba ka dawo bayan magariba, mako mai zuwa kuma aikin kwana gare ka. Ƙarshenta ka ajiye su wurin amarya wadda ba ta nemi wannan nauyi ba, ko wurin tsohuwarka da ita kanta kulawa take bukata, ko ka haɗa yaro ɗan shekara shida da wani malami a tafi da shi gabas da allo da ƙoƙo, ka ce karatu ya tafi. Tsangaya ta fitar da manyan alarammomi a ƙasar nan, kuma iyayen da ke kai ɗa suna bin sa da hatsi da sutura suna kai ziyara ba da su nake ba. Ina nufin wanda ya miƙa yaro ya juya baya shekara da shekaru. A 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, duniya ta ga yawan yaran da iyayensu na raye amma babu mai tambayar inda suka kwana. Wannan ma sallamawa ce, ko da an kira ta neman ilimi.

Sai mai cewa ya cire ɗa daga cikin 'ya'yansa. Wannan ya fi faruwa in yaro ya shiga shaye-shaye ko daba, uba ya gaji da zuwa belinsa. Ina tausaya wa irin wannan uba, domin ɓacin ran da ɗa ke jawowa ba shi da na biyu. Amma furucinsa ba ya canza komai a hukunci. Suratul Ahzab ta rushe al'adar jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, har Zaidu ɗan Harisa, wanda ake kira ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka mai da shi ga sunan mahaifinsa. Yadda ba a iya ƙirƙirar nasaba, haka ba a iya goge ta. Ranar da uban nan ya rasu, ɗan da ya tsine wa zai zauna a rabon gado ya ɗauki kasonsa cif, ko da an rubuta wasiyya cewa kada a ba shi. Hanya ɗaya tak shari'a ta bari ta kore ɗa, ita ce li'ani da ke cikin Suratun Nur, rantsuwa mai nauyi a gaban alƙali ga wanda ya ce cikin ba nasa ba ne tun farko. Wanda ya ga ciki ya yi shiru, ya yanka ragon suna, ya raɗa wa yaro sunan mahaifinsa, ya amsa barka, wannan ƙofa ta rufe masa. Hausawa sun riga sun faɗa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da ya lalace a Kaura Goje ko Kwana Huɗu, ranar da ubansa ya ce ba shi ba shi, ranar ce 'yan daba suka same shi ɗungurungum, tunda ba shi da sauran wanda zai ji kunya.

Kada a haɗa wannan da riƙo. Riƙo tsohuwar al'ada ce mai kyau. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har ta aurar. Goggo ko kawu ko kaka su ɗauki ɗa don ƙauna da zumunci, uban yana nan, sunansa yaron ke amsawa, in riƙon ya gagara a dawo masa da abinsa. Haka mijin uwa da ya karɓi agola ya haɗa da 'ya'yansa a kwano ɗaya: alheri yake yi, Allah ya ba shi lada, amma ba wajibinsa ba ne, kuma alherinsa bai sauke wa uban yaron komai ba. Duk namijin da ya san wani mutum ne ke ciyar da ɗansa alhali shi yana da lafiya yana karɓar albashi, ya kamata abin ya hana shi barci.

Abin da ya fi ciwo kuwa yana zuwa daga baya. Yarinyar da uwa ta yi wankau da surfe da ƙullin gyaɗa ta rena, ranar da manemi ya fito sai a ce a nemo ubanta, domin shi ne waliyyi. Sai ga shi da babbar riga a sahun gaba, ana karɓar sadaki ana yi masa Allah ya sanya alheri. Yaron da ya tashi a hannun kawunnansa, ranar da ya samu aiki sai ga saƙo cewa mahaifinsa ba shi da lafiya. Kuma yaron zai je, domin shari'a ta wajabta wa ɗa mai hali ya ciyar da iyayensa matalauta, ba ta ce sai waɗanda suka kyautata masa ba. Zai biya kuɗin asibiti, ya durƙusa ya gaishe ka, ya kira ka Baba. Amma kai da shi duka kun san abin da ke tsakaninku, kuma babu abin da za ka iya yi a shekara sittin da zai mai da ranakun da ya tsaya a ƙofar gida da salla yana jiran ka ba ka zo ba. Na ga dattawan da suke cikin wannan nadama, 'ya'yansu na yi musu komai amma ba sa iya zama su yi hirar minti goma da su.

Yanzu ku, ƙannena mata. Na san in zama ya yi ɗaci mace takan kai inda ba ta son komai sai takardarta. A nan ne ake jin, "Ni dai ya sake ni, na yafe komai, zan riƙe 'ya'yana ko da bara ne." Kada ki faɗi wannan, kada kuma ki sa hannu a kansa ranar fushi. Abin da ke naki, kamar sauran sadaki ko bashin da kike bin sa, kina iya yafewa in kin ga dama. Abincin yaro da maganinsa ba naki ba ne. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun halatta mace ta fanshi kanta ta hanyar hul'i a kan za ta ɗauki nauyin jariri lokacin shayarwa, amma su ɗin dai sun ce in ta kasa, nauyin ya koma kan uban, domin ba a barin yaro da yunwa saboda yarjejeniyar manya. Ranar da kike cewa za ki iya, ba ki lissafa zazzaɓin damina da kuɗin makaranta da hayar ɗaki ba, ba ki kuma lissafa ranar da wani zai fito neman aurenki ya ce shi ba zai riƙe ɗan wani ba.

Akwai wani hukunci da mata da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsa yana jawo musu asara. A Malikiyya, kuɗin ciyar da ɗa na watannin da suka wuce ba ya zama bashi a kan uba haka kawai. Yana zama bashi ne in alƙali ya riga ya yanka adadi, ko kuma in wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba don kyauta ba, alhali uban yana da hali. Ma'ana, matar da ta yi shiru shekara biyar tana kunya, sannan ta je kotu tana neman na baya, tana iya tarar da yawancinsa ya tafi. Saboda haka a yi maganar tun da wuri. A fara da manya na ɓangarorin biyu, a sa mai unguwa ko limami, a faɗi adadi da ranar biya, a rubuta, shaidu su sa hannu. In ya ƙi, ga Hisbah, hedikwatarta na nan Sharaɗa kuma tana da ofis a ƙananan hukumomi, sulhun ma'aurata na cikin aikin da take yi kullum. In sulhu ya gagara, ga kotun shari'a. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci aure da renon yara da sauran al'amuran ƙananan yara cikin abubuwan da ake ɗaukaka ƙara a kansu har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi Legal Aid Council ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Za a ce miki kin kai uban 'ya'yanki ƙara, kin yi abin kunya. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan ƙwauron ciyarwa, kuma bai ce ta yi rashin kunya ba, izini ya ba ta ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daidai gwargwado.

Sai dai ku ma akwai naku. Kuɗin da aka aiko don yaro a kashe shi a kan yaro, kada ya tafi anko da gudummawar biki. Kada ki hana shi ganin ubansa don ki rama abin da aka yi miki, kada ki zaunar da shi kina karanta masa laifin uban, domin yaron da aka koya wa raina mahaifinsa ba ya tsayawa a nan. Kuma duk tsananin da ake ciki, ki yi wa Allah kada ki ɗora wa 'yar shekara goma sha biyu tallan abinci ta kai ƙofar kamfani lokacin da 'yan aikin dare ke fitowa. Kowa a unguwannin nan ya san abin da ke biyo bayan wannan. Gidan marayu na gwamnati da ke Nassarawa ba marayu kaɗai ke cikinsa ba, akwai jariran da aka tsinta, kuma gidan gyaran halin yara na Goron Dutse ba daga sama yaran cikinsa suka faɗo ba.

Hukuma ma tana da nata alhakin, kuma ba yau aka fara faɗa ba. A watan Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar ƙungiyar zawarawa da marayu ta VOWAN, ta shirya fito da zawarawa kan titunan Kano su nuna halin da suke ciki, Hisbah ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso, da Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa, suka fara auren zawarawa da ma'aurata 100, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na 1,800. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya fito da maganar dokar iyali wadda za ta hana marar hali ƙara aure, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daftarin bai zama doka ba har aka sauke Sarkin a 2020. A 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha. Duk waɗannan suna da amfaninsu, amma a ganina an fi ba da ƙarfi wajen ɗaura aure fiye da bin haƙƙin yaran da mutuwar aure ke bari. Matar da ta ci nasara a kotu takan koma gida da takarda, mutumin ya biya wata ɗaya ko biyu, ya canza layin waya, ya canza kamfani, ita kuma ba ta da kuɗin motar da za ta riƙa sintiri.

Wasu ƙasashen Musulmi sun toshe wannan ɓaraka. Tunisiya ta kafa asusu tun 1993 wanda ke biyan matar da kotu ta yanka wa kuɗi in mijin ya ƙi, sannan hukuma ta bi shi ta karɓi abinta. Masar ta yi irinsa a 2004 a ƙarƙashin bankin Nasser. A Ingila hukuma na iya sa a cire kuɗin yaro daga albashin uba tun a wurin aikinsa. A Amurka wanda bashin ciyar da ɗansa ya wuce dala 2,500 ana hana shi fasfo, kuma kotunansu ba su cika yarda mutum ya ajiye matsayinsa na uba don ya tsere wa biya ba, sai in akwai wanda zai karɓi yaron a hukumance. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, tana da Hisbah, tana da kotuna a kowace ƙaramar hukuma, kamfanoni kuma suna da sunayen waɗanda suke biya. Babu abin da ya hana a haɗa waɗannan a yi tsarin da alƙali zai aika a cire haƙƙin yaro kafin kuɗi ya shiga hannun uba. Ku da kuke da ƙuri'a, ku riƙa tambayar masu neman kujerar majalisar jiha wannan.

Amma yaron da ke jin yunwa yau ba zai jira majalisa ba. Kai da ka rabu da matarka, ka yanka wa kanka adadin da ka san za ka iya ɗorewa a kansa, ko kaɗan ne, ka fitar da shi ranar da aka biya ka kafin ka taɓa komai. Kaɗan da ke zuwa kowane mako ya fi amfani ga mai reno fiye da mai yawa da ke zuwa sau ɗaya a shekara, domin da shi za ta san abin da za ta auna. In ba kwa ga maciji da juna, ka tura ta waya ko ta hannun wani babba, shaida ta zauna. Kuɗin makaranta ka kai da kanka, malamai su san fuskarka. Ka yi masa takardar haihuwa da sunanka. In aka sallame ka daga aiki, ka taka ka je ka gaya wa surukanka na da, ka ce ga halin da ake ciki, ga abin da zan iya kafin Allah ya kawo wani, kada ka kashe waya ka ɓace. Kai kuma da ba ka yi aure ba, ka sa wannan a lissafinka tun yanzu, tare da sadaki da lefe: matar da za ka aura kuna iya rabuwa, amma duk ɗan da ta haifa maka yana wuyanka har namiji ya balaga ya iya neman na kansa, mace kuma ta tare a ɗakinta.

Wanda ya san yana da ɗa a wani gida a garin nan, kuma ya daɗe bai aika ba, kada ya tsaya jiran sai ya tara abin kirki ko sai an ba shi haƙuri. Ranar biya mai zuwa ya auni abin da ya sawwaƙa, ya nemi wani dattijo ya raka shi, ya je ya yi sallama a ƙofar gidan ya ce a turo masa ɗansa.